Kafin dattijo ya fara allurar testosteron: gwaji, awo da abin lura

Testosteron, sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara bayan namiji ya haura arba'in. Sai dai ba duk wanda ya ji kasala ko sha'awarsa ta ja baya ne ke da ƙarancinsa ba. Ciwon suga, ƙiba, rashin barci da shan tiramadol ko kodin duk suna sauke shi, kuma idan aka magance su yakan farfaɗo ba tare da allura ba. Don haka da gwajin jini ake farawa, ba da zuwa kemis ba.

A ɗebi jinin da safe kafin ƙarfe 10, kafin a sha koko ko shayi, domin sinadarin ya fi yawa da safe kuma abinci yana sauke shi. Kada a yi gwajin ana cikin zazzaɓin cizon sauro. Idan ya fito ƙasa da 300 ng/dL (wasu ɗakunan gwaji suna rubuta 3 ng/mL, wasu 10.4 nmol/L, duk abu guda ne), a sake a wata safiya. Sakamako ɗaya ba hujja ba ne. Likita zai ƙara da awon LH da furolaktin, wasu sinadarai biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, don ya gane ko matsalar daga maraina take ko daga ƙwaƙwalwa. A Sakkwato, likitocin mafitsara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ya kamata a gani.

Me bincike ya nuna? A 2016 an fara fitar da sakamakon gwajin maganin testosteron da aka yi a Amurka kan maza 790 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka bibiya shekara guda. Sha'awa da kusantar iyali sun ƙaru daidai gwargwado, ƙarancin jini ya gyaru a wasu, amma mantuwa ba ta ragu ba, kuzari ma bai canza sosai ba. A 2023 binciken TRAVERSE kan maza sama da 5,000 masu ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙaru ba: kashi 7.0 cikin 100 a waɗanda aka ba testosteron, 7.3 a waɗanda ba su samu ba. Amma rikicewar bugawar zuciya, daskarewar jini a huhu, raunin ƙoda da karayar ƙashi sun ɗan fi yawa a masu maganin.

Akwai tambayar da Alhaji zai amsa wa kansa tun kafin komai: yana son ƙarin haihuwa? Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya. Bayan an daina, dawowarsu kan ɗauki watanni, wani har ya haura shekara. A garin da ɗan shekara 60 ke yin amarya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma masu sayar da allurar ba sa faɗinta.

Sannan a auna PCV (yawan jajayen ƙwayoyin jini) da PSA (awon jini na lafiyar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji). Idan PCV ya haura 50, ko PSA ya wuce 4 ng/mL, ba a farawa. Ga baƙar fata wasu likitoci suna tsayawa a 3. Mai kansar furostet, ko wanda zuciyarsa ta buga cikin wata 6 da suka wuce, ba nasa ba ne.

Allurar Sustanon 250 akan yi ta duk mako 3. Nebido, mai miligram 1,000, ana yin allura ta biyu mako 6 bayan ta farko, daga nan duk mako 10 zuwa 14. Mai gajeren zango, irin Sustanon, takan ɗaga sinadarin sama sosai sannan ya faɗi kafin ta gaba, shi ya sa wasu ke jin yanayinsu na hawa da sauka. Testosteron na shafawa kuwa a kafaɗa ake sa shi da safe, a wanke hannu da sabulu, a sa riga. Yana iya shafar mata da jikoki ta fata, balle a zafin Sakkwato da ake zama ba riga.

Bayan wata 3 zuwa 6 a sake auna testosteron, PCV da PSA, daga nan duk shekara. PCV ya wuce 54, a dakata, jinin ya yi kauri. PSA ya ƙaru da fiye da 1.4 cikin shekara, a koma wurin likitan mafitsara. Idan kuma awo ya daidaita amma bayan wata 6 abin da ya kawo mutum bai sauya ba, a tsayar da maganin a nemi dalilin a wani wajen, a fara da sugan jini da hawan jini.