Yadda ɗan wasan ƙwallon Amurka yake tashi daga sakandare har ya kai NFL

Wanda ya saba da ƙwallon Turai ya san yaro kan shiga hannun kulob tun yana ɗan shekara goma, ya girma a can, wani ma ya ajiye boko gaba ɗaya. A ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano da sulken kafaɗa, ba haka abin yake ba. Ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ba sa renon yara. Makaranta ce ke yin reno, sakandare sannan jami'a, kuma dokar gasar ta hana ɗaukar duk wanda bai cika shekara 3 da gama sakandare ba. Yaron da ya saki littafi don ya kama ƙwallo ya toshe wa kansa hanya tun ba a je ko'ina ba. Idan kana da ɗa ko ƙane a Amurka mai wannan buri, ga yadda tafiyar take.

Mataki na farko: ya shiga ƙungiyar makaranta, ya riƙe aji

Sakandare a Amurka shekara 4 ce, daga aji 9 zuwa aji 12. Ana buga wasa a lokacin kaka, galibi daren Juma'a, kuma a jihohi irin su Texas da Florida da Georgia gari kan tashi kacokan ya tafi fili. Yara kimanin miliyan ɗaya ne suke wannan wasa a sakandare kowace shekara. Yaro ya shiga da wuri, ya bar koci ya zaɓa masa gurbin da ya dace da jikinsa. Ba kowa ne zai zama mai jefa ƙwallo ba. Ƙato mai nauyi wurinsa sahun gaba, siriri mai gudu wurinsa gefe.

A nan ne iyaye suka fi yin sake. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana da ofishin tantance cancanta, kuma duk wanda yake son buga rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i, sai ya yi rajista da shi. Ana buƙatar darussa 16 da hukumar ta amince da su, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4. Goma daga cikin darussan dole a gama su kafin a shiga shekarar ƙarshe, bakwai daga ciki kuma su kasance Turanci ko lissafi ko kimiyya. Wato yaron da ya yi wasa da aji 9 da aji 10, ya ce sai a ajin ƙarshe zai dage, ya riga ya makara. Ka je da kanka wurin jami'in ba da shawara na makarantar tun shekarar farko, ka nemi jerin darussan da NCAA ta yarda da su, don ba kowane darasi da makaranta ke koyarwa ne ake lissafawa ba.

Mataki na biyu: ya sa a gan shi

Kocin jami'a ba zai zagaya dubban makarantu ba, bidiyo yake kallo. Yawancin makarantu suna ɗora wasanninsu a shafin bidiyo na Hudl, daga nan yaro zai yanko nasa. Kada bidiyon ya wuce 'yan mintuna, a sa mafi kyawun wasa a farko, a yi wa yaron alama kafin a motsa ƙwallo don mai kallo ya san wa zai bi da ido. A rubuta tsawo da nauyi da makin aji, kuma a faɗi gaskiya, domin ranar da ya je sansanin jami'a za a auna shi.

Shafuka irin su 247Sports da Rivals suna ba yara taurari, biyar ne ƙololuwa. Suna taimakawa, amma ba su ne hukunci ba. Josh Allen ya gama sakandare a ƙaramin garin Firebaugh na California babu wata babbar jami'a da ta ba shi gurbi. Ya shiga kwalejin shekara biyu ta Reedley, ya yi ta aika wa kociyoyi saƙo da bidiyonsa, har jami'ar Wyoming ta karɓe shi. A 2018 kulob ɗin Buffalo Bills ya ɗauke shi a matsayi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL. Aaron Rodgers ma ta irin wannan kwaleji ya bi, wato Butte. Don haka kwalejin shekara biyu ba abin kunya ba ce, musamman ga wanda makinsa bai kai ba.

Mataki na uku: zaɓen jami'a

Rukuni na ɗaya ya kasu biyu, na sama FBS da na ƙasa da shi FCS, sai rukuni na biyu da na uku. Na ukun ba ya ba da tallafin karatu don wasa. Ana sa hannu a yarjejeniya da jami'a ko dai a watan Disamba ko a farkon Fabrairu. A ganina gara yaro ya je inda zai buga da ya je inda suna ya yi yawa ya ƙare a benci. Masu farautar 'yan wasa na NFL suna zuwa har ƙananan jami'o'i, amma ba su da abin da za su rubuta a kan wanda bai taka fili ba.

Tun 2021 an halatta wa ɗan wasan jami'a ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata ya yi sauƙi ƙwarai. Wannan ya kawo alheri, ya kuma kawo 'yan tsakani masu daɗin baki. Kada yaro ya sa hannu a wata takarda sai lauya ya karanta, kuma ya tambayi ko darussan da ya riga ya ci za su bi shi sabuwar makarantar.

Mataki na huɗu: watannin gwaji

Da an gama kakar jami'a sai a shiga tankaɗe da rairaya. Fitattu kan sami gayyata zuwa wasan Senior Bowl a birnin Mobile na jihar Alabama. Daga nan sai babban gwajin Combine a Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu, inda ake gayyatar 'yan wasa sama da 300. Ana gudun yadi 40, ana ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 a ga sau nawa mutum zai iya, ana tsallen sama da na tsawo. A 2024 Xavier Worthy ya kafa tarihi a gudun yadi 40 da daƙiƙa 4.21. Wannan shi ake nunawa a talabijin, amma abin da ya fi sauya makomar mutum yana faruwa a ɗakin likitoci, inda ake murɗa gwiwa da kafaɗa a bincika tsohon rauni, da kuma ɗakin ganawa, inda za a kunna masa bidiyon kuskurensa a ce ya yi bayani. Wanda ba a gayyata ba yana da ranar gwaji ta jami'arsa.

Wakili kuwa sai wanda ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA ta ba lasisi, kuma ladansa a kwantiragin kulob ba ya wuce kashi 3 cikin ɗari.

Mataki na biyar: ranar zaɓe da abin da ke bayanta

A ƙarshen Afrilu ake zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 7 cikin kwana uku, mutum 250 da 'yan kai. Kulob ɗin da ya fi shan kashi shi ke fara zaɓa, ɗan wasa kuma ba shi da ta cewa game da garin da zai koma. Ƙiyasin NCAA ya nuna waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ba. Lambar da aka kira mutum ba ita ce ƙarshen zance ba: Tom Brady shi ne na 199 a shekarar 2000, ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, sau 7. Brock Purdy shi ne na ƙarshe a 2022, na 262, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a kakarsa ta biyu.

Wanda ba a kira sunansa ba ya bar wayarsa a kunne, domin da an rufe zaɓe kulob-kulob suke fara kiran ragowar. Kowane kulob yana shiga sansanin horo da mutum 90, a ƙarshen Agusta a rage su zuwa 53. Wasu daga cikin waɗanda aka sallama sukan koma rukunin atisaye mai mutum 16, wasu su nufi gasar CFL ta Kanada ko ƙaramar gasar UFL ta Amurka. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni, shi ya sa nake nacewa a kan digiri. Ga kuma batun kai: likita ɗan asalin Najeriya, Bennet Omalu, shi ya gano cutar ƙwaƙwalwa ta CTE a gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002. Yaron da ya ji jiri bayan karo ya faɗa wa likita nan take, kada ya ɓoye don tsoron rasa gurbi.

Idan yaron ba a Amurka yake ba

Ƙofa ƙarama ce, amma akwai ta. Christian Okoye ya baro Enugu ya je jami'ar Azusa Pacific don wasan jifa, a can ya koyi ƙwallon, Kansas City suka ɗauke shi a 1987. Ezekiel Ansah ya taso a Accra, ya fara wasan a jami'ar BYU da ke jihar Utah, ya zama na 5 a zaɓen 2013. Su biyun ta makaranta suka shiga. Tun 2017 kuma NFL tana da shirin ɗauko 'yan ƙasashen waje, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya Osi Umenyiora ya jagoranci sansanin farko na Afirka a Ghana a 2022, aka kawo wani Legas a 2024. Yanzu kowane kulob yana da ƙarin gurbi ɗaya a rukunin atisaye wanda aka keɓe wa ɗan ƙasar waje. Mai neman wannan hanya ya bi sanarwar NFL kai tsaye, ya tanadi fasfo da bidiyon gudunsa da tsallensa, kuma ya yi nesa da duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo masa gurbi.