Matakan Hana Sauron Dengue Hayayyafa a Gida

Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai. Mu a Kaduna da kusan kowa ke tara ruwa, dole mu kula.

Da farko, ku zagaya tsakar gida. Tsohuwar taya, gwangwani, kwanon kaji, a zubar da ruwansu a kife.

Sai randa da duro. Zubar da ruwan bai isa ba, domin ƙwan na mannewa a jikinsu, yana jure bushewa watanni. A dirje da soso duk mako, a rufe ruf.

Yaro mai barcin rana a sa masa gidan sauro.

In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai. Ban da asfirin, yana ƙara zubar jini. A garzaya asibiti a gwada jini.