Kurakuran da ake yi wajen horar da masu hidima a ikilisiya

A ƙauyuka da yawa fasto ɗaya ne ke kula da majami'u uku ko huɗu, saboda haka dattijo ko mai bishara ko katekis ne ke tsayawa gaban jama'a ran Lahadi. Duk da haka, horon waɗannan mutane ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Tun wajen zaɓe ake fara kuskurewa. A kan ɗauki mai baki, ko mai Turanci, ko wanda ya sayi kwano lokacin da ake rufin majami'a. Amma yawancin abin da Bulus ya lissafa a 1 Timoti sura 3 hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, da yadda mutum ke riƙe da gidansa. Kafin a rubuta sunan kowa, a ji ta bakin maƙwabtansa.

Sai kuma harshe. Ana koyar da mutum da Turanci, alhali da Hausa zai yi wa'azi, sai ka ji shi a bagade yana kame-kame. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A koyar da shi da harshen da zai yi aiki da shi, a kuma sa shi ya riƙa karatu da ƙarfi a aji ana gyara masa.

Babban kuskuren a ganina shi ne ɗaukar hidima a matsayin wa'azi kaɗai. Wa'azi rabin awa ne a mako. Sauran aikin fa? An buga ƙofa da tsakar dare, yaro ya rasu, fasto yana wani gari. Mai hidima ya shiga, uwa na zaune a tabarma ta kasa ko kuka, shi kuwa ya buɗe baki yana bayanin dalilin da ya sa Allah ya yi haka, alhali zama da gajeriyar addu'a sun isa. Ko mata da miji su kawo ƙara, kafin Laraba zancen ya kai bakin rijiya. Ba a koyon wannan a allo. Fasto ya riƙa tafiya da ɗalibi gaisuwar mutuwa da dubiya, ya gani, daga baya ɗalibin ya yi fasto na kallo, su tattauna a hanyar komawa gida.

Kada a sa kwas da damina. Manomi ba zai bar gona ba. Tsarin TEE, wato koyar da ilimin tauhidi ba tare da ɗalibi ya bar garinsu ba, wanda aka fara a Gwatemala a 1963 kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ke amfani da shi, ya warware wannan: mutum na karatu a gida, ana haɗuwa da malami lokaci-lokaci.

Ana kuma mantawa da mata, bayan Zumuntar Mata ce ke ɗauke da yawancin ziyara. Ai Bilkisu da mijinta Akila ne suka gyara wa Afolos koyarwa a Ayyukan Manzanni 18.

In an ba ɗaliban takardar shaida, kada a sallame su. A riƙa tara su bayan girbi, kowa ya kawo abin da ya gagare shi a shekarar.