Yadda mai ciwon sukari zai kula da ƙafarsa a Damagaram

Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini, sai ƙafa ta daina jin ciwo alhali rauni a kanta ya fi wuyar warkewa. Mutum zai taka ƙaya a hanyar gona, ya yini da ita a tafin ƙafa bai sani ba, sai da dare ya ga jini a takalmi. Saboda haka aikin da jijiya ta bari, ido ne zai karɓe shi.

Alwala ita ce dama mafi sauƙi. A zaɓi ta azahar, lokacin da haske ya wadata, a duba tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu, ana neman faso, ko kumburi, ko bororo, ko wurin da launinsa ya sauya. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya ajiye madubi a ƙasa, ko ya sa wani na gida ya duba masa. Bayan wanki a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, domin laimar da ke kwana a nan takan jiƙa fata har ta tsage. Mata kuma su lura cewa lalle mai duhu yana iya ɓoye sauyin launin da ake nema.

Da hunturu, lokacin da kaushi da faso suke yawa, a shafa man kaɗe a dunduniya, amma kada a sa shi tsakanin yatsu. Ruwan ɗumi a gwada shi da gwiwar hannu tukuna, kuma kada a miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi, domin ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita yana cikin hira. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, ƴar tafiyar da ke tsakanin inda aka tuɓe takalmi da tabarmar masallaci ta isa ta toya tafin ƙafa. Mai hawa kabu-kabu ya yi hattara da salansa.

Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida ne. Idan za a saya a kasuwar Dole, a je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zaɓi rufaffe mai faɗin gaba, a sa shi da safa, a kuma riƙa zazzage shi kafin a zura ƙafa saboda tsakuwa da kunama. Farce a yanke shi a miƙe, ba tare da ƙwaƙule gefe ba. A ganina, bai kamata mai wannan ciwo ya miƙa ƙafarsa ga masu yawon yankan farce ba, ko ya ɗauki reza ya fere kantar ƙafa da kansa.

Idan rauni ya samu, kome ƙanƙantarsa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji, a daina taka wurin, a ga ma'aikacin lafiya a ranar. Toka da garin magani ba su da gurbi a nan. In aka ga mugunya, ko aka ji wari, ko zazzaɓi ya sauko, ko yatsa ya fara baƙi, a nufi babban asibitin Zinder ba tare da jiran gari ya waye ba, domin jinkirin nan ne yake kai wa ga yanke ƙafa.

Ko babu rauni, a tuɓe takalmi gaban likita aƙalla sau ɗaya a shekara, ya taɓa tafin ƙafa da siririn zaren gwaji mai danna fata da ƙarfin giram 10, ya kuma laluba bugun jini. Mai shan taba ya bari, domin tana ƙara toshe hanyoyin jinin ƙafa, kuma a ci gaba da shan magani da awon sukari yadda likita ya tsara.