Darasi na 9: Yadda ake karanta hoton gona da aka ɗauko daga sama

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Dala ya hango Kano ya san yadda gari yake komawa daga sama: lunguna kamar zare, gidaje kamar akwatunan ashana. Haka gonakinmu suke fitowa idan jirgi ya ɗauke su hoto. Yanzu ma'aikatan ƙasa da safiyo da masu aikin noman rani sukan zo ƙauye da irin wannan hoto, su shimfiɗa a ƙofar gidan dagaci, su ce kowa ya nuna gonarsa. Bai kamata mai gona ya ja gefe har wani ya nuna masa iyakar da ya gada ba.

A zamanin Turawa, malaman taki ne suke bin gonakin ƙasar Kano suna aunawa da takun ƙafa domin yanka haraji. Hoton sama kuwa an fara shi a Faransa a 1858, lokacin da wani mai hoto da ake kira Nadar ya hau balan-balan da kyamararsa. Yau ana ɗauka da jirgin sama, da tauraron ɗan'adam, da ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ƙara kamar taron zuma.

Jirgin yakan tafi a miƙe, ya juyo, ya sake miƙewa, kamar mai huɗa da shanu, kunya bayan kunya, bakin kyamarar yana duban ƙasa. Kowane hoto yana hawa kan wanda ya gabace shi da kusan kashi 60 cikin 100, ta gefe kuma kusan kashi 30, yadda ake ɗora kwanon rufi wani kan wani don kada ruwa ya sami kafa. Amfanin haka biyu ne. Babu wurin da za a tsallake. Sannan idan an ga wuri ɗaya daga ɓangare biyu, ana iya gane tudu da kwari. Ku rufe ido ɗaya ku gwada zura zare a allura, za ku ga abin da ido na biyu yake yi. Da haka injiniya yake sanin inda ruwa zai gangara kafin a haƙa magudana irin ta Kadawa da Kura mai ɗauko ruwan Tiga, da kuma gonakin da ambaliya za ta fara ci a bakin kogin Haɗejia.

Kafin jirgi ya tashi, masu safiyo sukan ajiye alama fara a wasu wurare a ƙasa, su auna matsayinta da na'ura. Don Allah a ja kunnen yara kada su ɗauke ta ko su matsar da ita, domin da ita ake daidaita hoton duka.

Idan an miƙo maka hoto, fara neman kibiyar da ke nuna arewa, ka juya takardar ta dace da arewarka ta gaske. Sai ka nemi abin da ka sani: masallacin Juma'a, makaranta, kududdufin bayan gari. Daga nan ka bi hanya da yatsa kamar kana tafiya gona da safe. Burtali zai fito da faɗi, turba kuma siririya. Fadama takan yi duhu saboda laima. Iyakar gamba layi ce siririya tsakanin gona da gona. Itace daga sama dunƙule ne kamar faifai, amma a hoton rani gawo zai fito da duhun ganye, domin shi da rani yake tofo, kuka kuwa ta kaɗe, inuwarta ce za ta nuna maka ita. A nan manomi ya fi baƙon ma'aikaci ido nesa ba kusa ba.

A gindin takardar akwai ma'auni, misali 1:10,000. Ma'anarsa, santimita 1 a takarda daidai take da mita 100 a ƙasa. Gonar da ta fito da tsawon santimita 2 da faɗin santimita 1 tana da mita 200 a tsaye, 100 a kwance. Hekta ɗaya ita ce mita 100 sau 100, wato kusan eka biyu da rabi. Ashe wannan gona hekta 2 ce.

Sai dai hoto ƙasa yake gani, bai san mai ita ba. Bai san jingina ba, bai san aro ba, bai san cewa a gonar nan akwai rabon gadon mata uku da ke gidajen aurensu ba. Iyakar da ta bi ƙarƙashin tsamiya ma ba ya ganin ta. Kuma ku duba shekarar da aka ɗauke shi, don wataƙila an raba gonar bayan nan. Shi ya sa nake roƙon ku, kafin a ja layi a taka zuwa gonar tare da maƙwabta da mai unguwa, a tsaya a kan iyakar. Hoto ba takardar mallaka ba ce. A dokar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin gargajiya a karkara, gwamna kuma ya ba da tasa. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba.

Aikin gida: kowa ya zana gonarsa a takarda kamar shi ne shirwa a sama. Ka sa kibiyar arewa, da itatuwan da ke ciki, da sunayen maƙwabtanka na gabas da yamma, kudu da arewa. Sannan ka lissafa: a ma'aunin 1:10,000, gona mai santimita 3 a tsaye da 1 a kwance hekta nawa ce? A zo da amsa ranar darasi na gaba.