Yadda Ake Amfani da Jadawalin Ƙuri'a Wajen Gina Labari a Wasannin Almara na Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa jagorantar wasan almara na kan tebur, wato wasan da mutane huɗu ko biyar suke zama wuri ɗaya kowannensu ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagora kuma ya riƙe sauran duniyar labarin a hannunsa, ya san cewa haddace dokoki shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da yake gajiyar da jagora shi ne ƙirƙira babu shiri, domin 'yan wasa suna iya barin hanyar da ya kwana yana shimfiɗa musu, su nufi wani ƙauye da bai taɓa tunaninsa ba, su tambaye shi sunan mai masauki da dalilin da ya sa fuskarsa take a murtuke. Ko a lokacin shiri ma, idan mutum ya daɗe yana jagoranci, zai tarar tunaninsa yana komawa kan abubuwa uku ko huɗu da ya saba da su: kullum azzalumin sarki, kullum matsafi a hasumiya, kullum dukiya a ƙarƙashin kufai. Waɗannan matsaloli biyu jadawalin ƙuri'a yake magancewa. Jeri ne na abubuwa, kowanne da lambarsa, sai a jefa dayis, lambar da ta fito ita ce take nuna abin da za a shigar cikin labari.

Dabarar ta girma tare da wasan kansa. Tun lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a shekarar 1974, akwai jadawalan dodannin da ake iya karo da su da na dukiyar da ake samu, kuma littafin jagora da Gygax ya wallafa a 1979 yana ɗauke da rataye wanda mutum zai iya zana kurkukun ƙarƙashin ƙasa da shi, ɗaki bayan ɗaki, ta hanyar jefa dayis kawai.

Kafin a taɓa kowane jadawali, ya kamata jagora ya fahimci halin dayis ɗin da zai jefa, domin a nan ne yawancin masu farawa suke yin kuskure ba tare da sun sani ba. Bayan dayis mai fuska 6 da kowa ya sani, waɗannan wasanni suna amfani da masu fuska 4, 8, 10, 12 da 20, kuma idan aka jefa masu fuska 10 guda biyu, ɗaya ya tsaya a matsayin gomomi ɗaya a matsayin ɗaiɗai, ana samun lamba daga 1 zuwa 100. Muddin dayis guda ɗaya aka jefa, duk lambobin suna da rabo iri ɗaya: a mai fuska 20, kowane layi na jadawali yana da kashi 5 cikin 100. Amma da zarar an jefa biyu an haɗa jimillarsu, lissafin ya sauya. Masu fuska 6 guda biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36, kuma a cikinsu hanyoyi 6 ne suke ba da 7, hanyoyi 5 suke ba da 6, wasu 5 suke ba da 8, alhali 2 da 12 kowannensu hanya ɗaya tak yake da ita. Ma'ana, lambobi 6 da 7 da 8 kaɗai suna cinye hanyoyi 16 daga cikin 36. Wanda ya rubuta jadawali daga 2 zuwa 12 ya ajiye babban dodon daji a lamba 7 zai yi mamakin yadda dodon yake fitowa kusan kowane zama, har ya daina ba kowa tsoro. A irin wannan jadawali, abin da aka saba gani, kamar ayarin 'yan kasuwa ko masu gadin hanya, shi ake sawa a tsakiya, abin al'ajabi kuma a tura shi gefe. Wanda yake son layuka da yawa masu rabo ɗaya alhali dayis mai fuska 6 kawai yake da shi, sai ya jefa biyu ya karanta su a jere ba tare da haɗawa ba, daga 11 zuwa 66, ya sami layuka 36 daidai wa daida.

Sai dai babban aikin yana farawa ne bayan dayis ya tsaya. Abin da jadawali yake bayarwa ɗanyen abu ne, kuma idan jagora ya karanta wa 'yan wasa shi yadda yake, za su ji cewa ya faɗo ne daga sama, ba shi da dangantaka da komai. Hanyar da ta fi inganci ita ce a jefa a kan ƙananan jadawalai biyu ko uku a lokaci guda, sannan a tilasta wa kai neman abin da ya haɗa sakamakon. A ce jagora yana da jadawalin wurare, da na mutane, da na buƙatu. Ya jefa, na farko ya ba shi gadar dutse da ta karye a tsakiya, na biyu ya ba shi mai sihiri da aka kora daga fada, na uku ya ce tana bin wani bashi. Abubuwa uku ne da babu ruwan wani da wani, sai jagora ya fara yi musu tambayoyi. Wa ya karya gadar? Me ya kawo mace mai irin wannan matsayi bakin kogi? Wa take bi bashi, kuma bashin kuɗi ne ko na alkawari? Idan ya tuna cewa a zaman da ya gabata 'yan wasa sun ji wani attajiri yana kukan cewa ayarinsa ya makara, to zaren ya samu. Ita ce ta karya gadar, domin attajirin ne ya ba da shaidar zur da ta jawo korarta bayan ya yi mata alkawarin zai tsaya mata, kuma ta rantse babu kayansa da zai ƙetare kogin sai ya fito ya faɗi gaskiya a gaban fada. Yanzu 'yan wasa suna da zaɓi na gaske a gabansu: su yaƙe ta don ladan attajirin, su ɗauki ƙararta zuwa fada, ko su nemi wani mashigi su bar su da rigimarsu. Wannan labari bai kasance a cikin ko ɗaya daga jadawalan ba, kuma da wuya jagoran ya iso gare shi da kansa, domin tunaninsa ba zai haɗa gada da bashi ba in ba dayis ya tilasta masa ba.

Saboda haka nake ganin ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a daure wa sakamakon farko. Sha'awar sake jefawa tana da ƙarfi, musamman idan abin da ya fito ya yi kama da shirme, amma wanda yake ta jefawa har sai abin da ransa yake so ya fito ya koma gidan jiya, domin abin da ransa yake so shi ne abin da ya saba da shi. A ba sakamakon minti biyu ko uku ana juya shi. Sau da yawa wanda ya fi kama da rashin dacewa shi ne yake haifar da abu mafi daɗi, tunda bayyana dalilin da ya sa kifin teku yake kwance a tsakiyar hamada yana buƙatar labari, ganin raƙumi a can kuwa ba ya buƙatar komai. Idan bayan wannan ƙoƙari abin ya ƙi zama, a sake jefawa sau ɗaya, ko a ɗauki layin da yake sama ko ƙasa da shi.

Akwai bambanci tsakanin amfani da jadawali a lokacin shiri da amfani da shi ana tsakiyar wasa. A lokacin shiri jagora yana da sarari, zai iya buɗe jadawali mai layi 100 ya yi ta haɗe-haɗe. A kan tebur kuwa mutane suna jiran bakinsa, kuma shirun da ya wuce rabin minti yana kashe armashin zama, don haka abin da ake buƙata gajerun jadawalai ne masu layi 6 zuwa 12 a takarda ɗaya da ido zai iya ɗauka nan take. Sunayen mutane da na garuruwa gara a jefa su tun kafin a zauna, a rubuta goma ko sha biyar a gefe, a riƙa soke wanda aka yi amfani da shi. Tsoffin dokokin irin waɗannan wasanni suna da wata al'ada mai kyau da ta cancanci a riƙe ta: lokaci zuwa lokaci jagora yana jefa dayis mai fuska 6, idan wata lamba guda da aka ware ta fito, to wani abu ya iso inda jarumai suke. Kada a ɗauka cewa duk haɗuwa yaƙi ce. A jefa masu fuska 6 guda biyu don sanin halin baƙon, ƙaramar jimilla tana nufin gaba, babba tana nufin sakin fuska, tsakiya kuma shakku da taka-tsantsan, wanda shi ne zai fi yawan fitowa. A ƙara wani gajeren jeri na abin da aka same shi yana yi, ko barci, ko gudu daga wani abu, ko binne gawa. 'Yan fashi shida da aka tarar suna jayayya a kan rabon ganima sun bambanta ƙwarai da 'yan fashi shida da suka yi kwanton ɓauna, ko da yake layi ɗaya ne ya fito da su.

Jadawalan da wasu suka wallafa suna da amfani don farawa, amma wanda jagora ya rubuta da hannunsa ya fi su aiki nesa ba kusa ba, domin rubuta shi ma gina duniyar labari ne. Mutumin da ya zauna ya lissafa abubuwa goma sha biyu da ake iya gamuwa da su a wani daji ya riga ya yanke shawara a kan wane irin daji ne, su wa suke zaune a cikinsa, da abin da suke tsoro. Wajen rubutawa, a guji kalma ɗaya tilo. Layin da ya ce "soja" bai ba jagora komai ba, amma wanda ya ce "soja da ya gudu daga sansani, yana sanye da sulken da ba nasa ba" ya zo da tambayarsa a hannu. Illar irin wannan layi ita ce sau ɗaya yake aiki, don haka bayan kowane zama a goge wanda ya fito a maye gurbinsa da sabo, kuma ya fi kyau sabon ya zama sakamakon abin da 'yan wasa suka aikata. Idan sun taimaki sojan ya tsere, sabon layin ya zama rundunar da take nemansa. Wanda kuma ba shi da lokacin yawan rubutu, ya tuna cewa ƙananan jadawalai suna ninka juna: guda uku masu layi 10 suna ba da haɗi 1,000, biyu masu layi 20 suna ba da 400.

Akwai wuraren da bai dace a miƙa wa dayis hukunci ba. Sakamakon babban zaɓin da 'yan wasa suka yi da gangan, kamar cin amanar wani sarki ko ceton wani gari, dole ya fito daga abin da suka aikata, in ba haka ba za su ji cewa shawararsu ba ta da nauyi. Haka kuma ya wajaba jagora ya karanta kowane jadawali daga farko har ƙarshe kafin ya kawo shi tebur, ya cire layin da ya saɓa wa iyakokin da mahalarta suka amince da su, ya kuma duba ko akwai halittar da za ta hallaka sababbin jarumai a bugu ɗaya. Irin wannan halitta ba lallai a cire ta ba, amma idan lambarta ta fito, a fara nuna sawunta a laka ko ragowar abin da ta ci, domin 'yan wasa su sami damar yanke shawarar ci gaba ko juyawa tun kafin su yi ido huɗu da ita.