Ciwon baya: kaho, jiƙo ko asibiti? Ga yadda zaka tantance

Toh jama'a, a nan Kumasi duk wanda bayansa ya riƙe, ko mai ɗaukar kaya ne a Kejetia ko direban trotro da ke wuni zaune, abu na farko da za'a ce mishi shine "ai basir ne" ko "sanyi ne", sai a nuna mishi mai jiƙo a Aboabo ko wanzami ya mishi kaho. Ni ban ce kar a je ba, amma duba jikinka tukuna.

In ciwon na sauka ƙafa har ƙafar ta yi sanyi ba ƙarfi, ko fitsari da bayan gida sun fara ƙwace maka, ko akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, ko kuma faɗuwa kayi daga babur, wlh wannan ba na jiƙo bane kuma kar ka bari kowa ya taka maka baya ko ya murɗa, ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ka wuce asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya kuma sai an yi hoto ake ganewa.

In kuwa kaya ka ɗaga ya riƙe, yawanci cikin sati 6 yana saki. Gasa wurin da tawul mai ɗumi, shafa man zafi, ka dinga ɗan tafiya, kwanciya wuni guda ƙara sandarar da bayan take yi. Kaho na iya rage zafi na ɗan lokaci, sai dai ka tsaya kaga an ɓare sabuwar reza a gabanka.

Maganin kwalba kuma juya ka nemi lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Wanda ake zubawa a gorar ruwa ba suna ba awo, ance yana maganin baya da basir da ƙarfin maza duk a haɗe, ni dai bana sha. In ganye kake so akwai sashen maganin gargajiya a asibitin Kumasi South, waɗanda suka karanta abin a jami'ar KNUST ne ke dubawa.

Ƙwaya ma ba wasa bace, diclofenac kullum kan cikin yunwa yana cin ciki da ƙoda, tramol kuma mun ga yadda ya yi da samari a zango. In likita ya tambaya me kake sha, faɗi har jiƙon, in da hali ma tafi mishi da kwalbar ya gani.